Me Ya Sa Jirgin Ƙasa Ya Je Nguru Da Ƙauran Namoda Ya Bar Katsina Da Sakkwato?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Katsina ne. Kakanmu ya yi fataucin shanu a shekarun 1950, yakan ba mu labarin yadda ake loda shanu a jirgin ƙasa daga Kano zuwa Ikko. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, jirgi yana zuwa Nguru da Ƙauran Namoda, amma bai taɓa zuwa Katsina ko Sakkwato ba, alhali su ne manyan birane. Waɗanne layuka ne ke aiki a Arewa a wancan zamani, kuma da me aka duba aka zaɓi inda za su bi? Ko da gangan aka tsallake mu?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya saka wa kakanku da alheri da bai bar labarin nan ya ɓace ba. Tambayarka kashi biyu ce: ina da ina dogo ya ratsa a Arewa tsakanin ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu da shekarun farko na samun 'yancin kai, sannan me ya sa ya bi nan ya bar can. Amsar kashi na biyu a taƙaice ita ce, waɗanda suka shata hanyar ba yawan jama'a ko girman sarauta suka bi ba. Nauyin kaya suka bi, kayan da za a kai bakin teku. Da zarar ka riƙe wannan, duk taswirar za ta fito maka fili.

Ni a sashen kula da layi na yi aiki, a yankin Zariya, kuma na shiga ne bayan zamanin da kake tambaya ya wuce. Abin da zan faɗa game da shekarun 1950 ya fito ne daga tsofaffin da suka koya mana aiki, da takardun aiki na da, da kuma shi kansa layin, domin wanda ya taka shi da ƙafa yana gane abin da magina suka nufa.

Layukan da ke ƙasa a 1950

Babbar jijiyar ita ce ta yamma, daga Ikko ta bi Ibadan, Ilori, Jebba, Zungeru, Minna, Kaduna, Zariya, ta faɗa Kano, tafiyar kusan kilomita 1,130. Asalinta layuka biyu ne dabam. Gwamnatin Legas ta taso da nata daga bakin teku, ya isa Ibadan a 1901. Gwamnatin Arewa kuma, a zamanin Gwamna Percy Girouard wanda shi kansa injiniyan jirgin ƙasa ne, ta fara nata a 1907 daga Baro a bakin kogin Kwara, ya isa Kano a 1911. Tunanin a lokacin shi ne kayan Arewa su sauka a Baro, jirgin ruwa ya kwashe su zuwa teku. Sai dai Kwara tana janyewa da rani, manyan jirage ba sa iya kaiwa Baro sai 'yan watanni a shekara. Da aka haɗe layukan biyu a Minna, aka mayar da su ƙarƙashin hukuma ɗaya a 1912, sai kaya suka karkata Ikko, Baro ta koma ƙaramin reshe.

Jijiya ta biyu ita ce ta gabas. Ta taso daga Fatakwal saboda kwal ɗin Inugu, ta isa can a 1916, sannan ta miƙe arewa ta Makurɗi, Lafiya da Kafanchan har ta haɗu da ta yamma a Kaduna. Daga Kafanchan aka cire reshe ya hau tudu zuwa Jos a 1927. Kafin a gama gadar Binuwai a Makurɗi a 1932, a kan jirgin ruwa ake tsallakar da taragu.

Sai rassa biyun da ka ambata. Na Zariya zuwa Ƙauran Namoda, ta Funtua da Gusau, an gama shi a 1929. Na Kano zuwa Nguru, ta Ringim da Malam Madori, a 1930. Akwai kuma wani ɗan siririn layi da mutane da yawa suka manta da shi, wanda ya tashi daga Zariya ya bi Dutsen Wai da Rahama ya hau Jos da Bukuru, ya isa can a 1914. Ana ce masa ƙaramin layin Bauchi, domin a lokacin tudun Jos yana cikin lardin Bauchi, amma bai taɓa zuwa garin Bauchi ba. Faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 ne, alhali sauran layukan ƙafa 3 da inci 6 suke, saboda haka duk kayan da ya kawo Zariya sai an sauke an sake lodawa a wani tarago. Kuza aka gina shi ya ɗauka. Da babban layi ya iso Jos ta Kafanchan, amfaninsa ya ragu, aka rufe shi a 1957.

Iyakar abin da ke akwai ke nan a 1950. Babu Maiduguri, babu Bauchi, babu Gombe, babu Yola, babu Katsina, babu Sakkwato, babu Birnin Kebbi. Don haka ba ku kaɗai aka bari ba, fiye da rabin manyan masarautun Arewa ba su ji kukan jirgi ba.

Kayan da suka ja ƙarfe

Ɗauki kowane reshe ka tambaya me ke ƙarshensa. Jos kuza. Funtua da Gusau auduga, shi ya sa aka kafa injinan gurzar auduga a bakin tashoshinsu. Ƙauran Namoda gyaɗa da auduga da fatu, har da abin da ke gangarowa daga ƙasar Gobir da Maraɗi. Nguru gyaɗa da shanu da fatu da ƙaro daga ƙasar Haɗeja, Bade da Borno, har da na Damagaram. Kafanchan citta, ƙasar Binuwai riɗi. Tashar ƙarshe ba don mutanen garin aka kafa ta ba, matattara ce: raƙuma da jakuna da takarkarai, daga baya motocin lodi, su ne ke zagaya karkara su tattaro kaya su zuba a bakinta. Tsarin tamkar indararo yake, duk ruwan da ya sauka a kan soro ta hanya ɗaya yake fita, nan kuwa mafitar ita ce tashar jiragen ruwa ta Apapa a Ikko da ta Fatakwal.

Wani abu da ya kamata ka sani, Turawa auduga suka sa rai da ita lokacin da suka kai dogo Kano, domin masaƙun Lankasha a Ingila na neman inda za su sami auduga ban da ta Amurka. Manoman Kano suka yi lissafinsu suka ga masaƙan gida suna sayen auduga da daraja fiye da kamfani, gyaɗa kuwa ta fi kawo kuɗi, in kasuwa ta faɗi ma a ci ta a gida. Tun daga kakar 1912 gyaɗa ta cika tashar Kano. Fatake irin su Alhassan Ɗantata, waɗanda suka riga suka san harkar goro da hanyoyin karkara, su suka zama tsani tsakanin manomi da kamfanonin Turawa. Ina jaddada wannan ne saboda ana yawan ba da labarin kamar talakan Arewa kallo kawai ya yi. Bature ya shimfiɗa ƙarfe, amma manomi da falke su suka zaɓi abin da zai hau kai.

Taragun da suka sauke gyaɗa a Apapa ba sa dawowa fanko. Suna hawowa da gishiri, kananzir, yadi da atamfa, siminti, kwanon rufi, da goro. Goron nan ya sauya tarihi. Kafin dogo, ayari ne ke tafiya Gwanja watanni. Da jirgi ya zo, goron ƙasar Yarabawa ya riƙa isa Kano cikin 'yan kwanaki bai bushe ba, Hausawa suka kafa zango a Agege, Shagamu da unguwar Sabo a Ibadan. Su kakanku kuma abin da jirgi ya yi musu shi ne ya tsallakar da shanu daga dajin ƙudan tsando. Sa da aka kora da ƙafa daga Kano zuwa Ikko makonni yake yi a hanya, ya rame, wani ya kamu da sammore ya mutu kafin kasuwa. A tarago kwanaki kaɗan ne. Kuɗin jirgi yana da yawa, shi ya sa ba a daina kora da ƙafa ba, amma mai manyan bijimai ya san inda ribarsa take.

To, Katsina da Sakkwato fa?

Ban yarda an tsallake su don ƙiyayya ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko yana cikin sarakunan da suka fi kusanci da Turawa a zamaninsa, a Katsina kuma aka buɗe kwalejin horar da malamai a 1922 wadda ta yaye su Tafawa Ɓalewa da Sardauna. Da kusanci ne ke kawo dogo, da Katsina ta riga kowa. Kuma ka lura, lardin Katsina ya sami jirgi, sai dai ta kudu ya bi, ta Funtua, inda audugar take. Lardin Sakkwato ma haka, ta Gusau da Ƙauran Namoda. Jirgi ya shiga ƙasashen, fadojin ne bai je ba.

Dalili na farko lissafi ne. Katsina ba ta kai kilomita 200 daga Kano ba, kuma ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai sauƙin tafiya da rani, lokacin da ake cinikin gyaɗa. Kayanta suna zuwa Kano ko Funtua da kansu. In hukumar jirgi ta kashe kuɗi ta kai ƙarfe Katsina, ba sabon kaya za ta samu ba, wanda take samu dama shi za ta ɗauka daga ɗan nesa. Nguru kuwa ta buɗe ƙasar da kayanta ba sa iya isowa da riba. Wannan shi ne bambancin.

Dalili na biyu lokaci ne. Dubi shekarun: 1929 da 1930. Rassan nan biyu sun kammala daidai lokacin da kasuwannin duniya suka rushe, farashin gyaɗa da kuza ya faɗi warwas. Dokar mulkin mallaka kuwa ita ce kowace ƙasa ta ɗauki nauyin kanta, bashin gina dogo daga harajinta da kuɗin fitonta ake biya. Wanda ya kalli taswira zai ga layin Gusau ya fuskanci Sakkwato, na Nguru ya fuskanci Tafkin Chadi, amma kuɗi sun ƙare. Kafin a farfaɗo, sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo a 1939. Daga 1930 har 1958 ba a ƙara sabon layi ko ɗaya a Arewa ba. A cikin waɗannan shekaru 28 mota ta girma. Ita kanta hukumar jirgi ta sa motocinta suna ɗauko kaya daga Sakkwato zuwa tasha, wanda ke nuna ta ga titi ya wadatar.

Dalar gyaɗa da ƙarfin layi

Nan ne nake so ka tsaya, domin a nan ake fahimtar shekarun 1950. Mutane suna kallon hoton dalar gyaɗa a matsayin alamar arziki, kuma haka ne, amma a idon ma'aikacin dogo dala alama ce ta kayan da suka fi ƙarfin jirgi. Jera buhuna a siffar dala dabara ce ta ajiya a fili, an ce kowace takan ci buhu 15,000. Abin da ya sa suka yawaita bayan yaƙi, har ta bara ta tarar da ta bana, shi ne jirgi ya kasa kwashewa. Shekaru shida na yaƙi an yi ta aiki da kawunan jirgi da taragu ba a sabunta su ba, kayan gyara ba sa zuwa daga Ingila. Ga Turai na cikin ƙarancin man girki tana neman kowace ƙwayar gyaɗa. Buhuna suka yi ta zama ƙarƙashin tamfol, ƙwari suna ci. Sai da aka kawo sababbin kawuna daga 1948, waɗanda aka raɗa wa sunayen koguna, sannan a hankali aka fara cin ƙarfin tarin.

Me ya hana a ƙara yawan jirage kawai? Layin ɗaya ne tal. Mai hawa da mai gangara ba sa wuce juna sai a tasha, inda akwai ɗan layin gefe. Direba ba ya barin tasha sai an miƙa masa sandar izini ta wannan tsakani, kuma na'urar ba ta sakin sanda ta biyu sai ta farko ta shiga a ɗaya gefen. Tsari ne mai aminci ƙwarai, ya ceci rayuka, amma ma'anarsa jirgi ɗaya in ya makara ya makarar da duk na bayansa da na gabansa. Ƙananan tashoshi irin su Chalawa, Madobi da Dangora tsakanin Kano da Zariya, babban aikinsu ke nan, su ba jirage wurin kauce wa juna.

Sannan an gina layin da arha. Maimakon a fasa dutse ko a cike kwari, sai a zagaya. Na yi aiki a wuraren da lanƙwasa ke bin lanƙwasa, ba yadda za a yi jirgi mai nauyi ya yi gudu a kai. Ƙarfen da aka fara shimfiɗawa mara nauyi ne, an yi ta sauya shi sannu a hankali. A wurare da yawa matashin layin na ƙarfe ne ba katako ba, saboda gara. Da damina kuma babban abin tsoronmu zaizaya: ruwan dare ɗaya ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin layi ya bar ƙarfe a rataye. Shi ya sa kowane yanki yana da leburorinsa da shugabansu, wani yana taka layin da ƙafa kullum da safe, yana duba ƙusoshi da magudanai. Tsofaffinmu sun ce a zamaninsu mutum yakan san kowace kwalbati a yankinsa kamar ɗakin kwanansa, kuma abin da ya riƙe layin ke nan fiye da kowace na'ura.

Akwai kuma matsalar da ta fi damun Arewa musamman: wuta da ruwa. Kan jirgi mai tururi kwal yake ci, kwal kuwa daga Inugu yake zuwa. Kafin jirgi ya ja gyaɗa daga Nguru, sai an fara jawo masa kwal daga nisan sama da kilomita 1,000, a taragun da kaya za su iya shiga. Duk abin da ya taɓa mahaƙar Inugu ya taɓa Kano. Lokacin da 'yan sanda suka harbe mahaƙa 21 a Iva Valley a watan Nuwamba 1949, ba labarin Gabas kaɗai ba ne. Haka yajin aikin gama-gari na 1945, wanda ma'aikatan jirgi ƙarƙashin Michael Imoudu suka kasance ƙashin bayansa, ya tsayar da ƙasar sama da kwana 40. Ruwa kuma, kan jirgi yana sha da yawa, a watan Afrilu kuwa rijiyoyin wasu tashoshin Arewa sai a hankali. Wannan ne ya sa da aka fara kawo kawuna masu shan man dizal a tsakiyar shekarun 1950, Arewa aka fi buƙatarsu. A 1955 ne kuma aka mayar da sashen jirgin ƙasa hukuma mai cin gashin kanta, lokacin Abubakar Tafawa Ɓalewa yana ministan sufuri.

Cunkoson nan ya shafi maƙwabta. Gyaɗar Damagaram da Maraɗi ta Kano take fita. Jinkirin da ake samu, da son Faransa ta riƙe cinikin a cikin ƙasashenta, suka sa a shekarun 1950 ta fara karkatar da wani kaso da mota zuwa Paraku a ƙasar Dahomey (Jamhuriyar Benin ta yau), daga nan jirgin ƙasa ya kai Kwatano.

Layin Borno, da mutanen da jirgi ya tara

Aikin ƙarshe na wannan zamani shi ne layin Borno. An fara shi a 1958 da rancen dala miliyan 28 daga Bankin Duniya, rance na farko da bankin ya ba Najeriya. Ya tashi daga Kuru kusa da Jos, ya isa Bauchi a 1961, ya wuce Gombe, ya shiga Maiduguri a 1964, tsawon kimanin kilomita 640. Da shi jimillar layukan ƙasar ta kai kusan kilomita 3,500. Ko a lokacin an yi muhawara ko titi mai kyau ya fi. A ganina layin ya dace, domin ya buɗe audugar Gombe da shanun Borno da cinikin Chadi, sai dai ya zo a makare. Shekara uku kacal bayan buɗe shi yaƙin basasa ya yanke hanyar Fatakwal, wadda ita ce mafitarsa mafi kusa. Kafin 1964, mai zuwa Maiduguri, har da alhazan da ke bin hanyar ƙasa ta Chadi da Sudan, a Jos ko Nguru yake sauka ya hau mota.

Ko da yake don kaya aka yi jirgin ƙasa a Najeriya, mutane sun mamaye shi. A 1964, a duk faɗin ƙasar, ya ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3, adadin da shekara goma bayan nan ya faɗi ƙasa da rabi. Kaduna, Minna da Kafanchan jirgi ne ya mayar da su birane. Sabon Garin Kano da na Zariya a gefen tasha suka tsiro, cike da akawuna, makanikai da direbobi daga Kudu, domin su suka riga samun makarantar boko da horon sana'a. Wannan ya zama rauni babba a 1966, lokacin da rikici ya sa dubban ma'aikata 'yan Gabas suka bar Arewa lokaci guda. Ƙwarewar shekaru ta tafi tare da su, waɗanda suka saura suka ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsu. Daga nan fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 suka kashe babban kayan da layin ke rayuwa a kansa, kuɗin man fetur kuma suka tafi kan tituna.

Da a ce tun farko an ɗaura layi daga Ƙauran Namoda zuwa Sakkwato, wani daga Kano zuwa Katsina, wani daga Nguru zuwa Maiduguri, da Arewa ta sami dogon da ke haɗa garuruwanta da juna, mai ɗaukar hatsi da dabbobi da mutane daga gabas zuwa yamma ko da gyaɗa ta mutu. Abin da aka gina kuwa kudu da arewa kaɗai ya sani. Mai son zuwa Maiduguri daga Kano ta jirgi sai ya gangara Kaduna, ya bi Kafanchan, sannan ya sake hawowa, tafiyar da ta ninka ta mota.

Game da Katsina, layin Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya aka tsara ya bi, kuma da faɗin zamani na ƙafa 4 da inci 8 da rabi, ba na tsohon layi ba. In kakanku yana raye, ka tambaye shi a wace tasha suke lodi, shanu nawa ke shiga tarago ɗaya, wa ke bin su a ciki yana tayar da wanda ya kwanta, kuma a ina ake ba su ruwa a hanya. Takardun hukuma sun rubuta tan da fam, amma irin wannan bayani a bakin su kakanku yake, ka rubuta shi tun suna nan.